Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ungozomomi da Malaman Awon Ciki a Kan Bitamin D da Haƙoran Ɗan Tayi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki, musamman waɗanda ke riƙe da ɗakunan awo a ƙananan asibitocin karkara, inda mace ɗaya kan duba masu ciki tun daga hantsi har la'asar ba ta samu ta sa komai a bakinta ba. Ni ma'aikaciyar sashen haƙori ce. A asibitoci da yawa tazarar da ke tsakanin ɗakinmu da naku ba ta wuce 'yan taku ba, amma sai a shekara ba mu zauna mun tattauna a kan mutum ɗaya ba, domin kowa yana ganin aikinsa daban: ku da mai juna biyu, mu da wanda haƙori ya hana barci. Abin da ya sa na rubuto muku shi ne wasu yara da ake kawo mana suna da shekara biyu ko uku, haƙoransu sun fito da ƙananan ramuka ko da dabbare-dabbare, wasu ma suna marmashewa kamar alli. Uwa takan ce alawa ce, kaka ta ce tsutsa ce. Zaƙi yana da nasa laifin, amma haƙorin da ya fito daga dasashi da aibinsa, kafin yaro ya taɓa lasar alawa, labarinsa ya faro ne tun uwar tana zaune a kan bencin awo a gabanku.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa haƙori yana farawa ne ranar da ya huda dasashi, wato wajen wata shida bayan haihuwa. Haƙiƙa aikin ya girmi haka nesa ba kusa ba. Tun ciki yana da kimanin mako 6, lokacin da wata macen ma ba ta tabbatar tana da shi ba, fatar da ke lulluɓe da bakin ɗan tayi take yin kauri ta nutsa cikin naman muƙamuƙi. Daga nan ne tsiro 20 suke fitowa, goma a sama goma a ƙasa, su ne haƙoran farko da yaro zai yi famfararsu daga baya. Kowane tsiro yakan fara kamar ɗan ƙullutu, ya koma kamar hula, sannan ya buɗe kamar ƙararrawa, kuma a wannan siffa ta ƙarshe ce ake yanke kamannin haƙorin, ko na gaba ne, ko fiƙa, ko turmi. Wajen mako na 14 haƙoran gaba suke fara yin tauri, sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Turmin farko na dindindin kuwa, wanda ba zai fito ba sai yaro ya kai shekara shida, yana fara taurinsa ne daf da haihuwa. Idan kuka lura, galibin matanmu ba sa zuwa awo sai ciki ya yi wata huɗu ko biyar, ke nan ranar da kuka buɗe wa mace kati, ginin haƙoran ɗanta ya riga ya yi nisa.

Maginan haƙori ƙwayoyin halitta ne iri biyu da ke fuskantar juna. Kashi na farko su ne masu yin dantin, wato ƙashin haƙorin da ke ciki, kashi na biyu kuma masu yin inamel, farin ɓawon nan na waje wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, domin kimanin kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne zalla na kalsiyam da fosfet. Da farko ƙwayoyin suna ta rarrabuwa ne kawai, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har yawansu ya isa girman haƙorin da za a gina. Sai lokaci ya zo da dole su daina rarrabuwa, su miƙe su yi tsawo, su jeru kafaɗa da kafaɗa, su kama sana'arsu. Masu dantin ne suke fara zuba nasu sahun, kuma wannan sahu shi ne ishara ga masu inamel cewa su ma su fara. Masu inamel suna aza nasu ne kaɗan-kaɗan, kimanin mikiromita 4 a rana (mikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kamar yadda magini ke ɗora sahun tubali ya bari ya sha iska kafin ya ɗora wani, har ta kai idan aka yanka haƙori aka duba a madubin likita, ana iya ganin layin kowace rana, har da wani layi na musamman da ke nuna lokacin haihuwa.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai aikin haƙori shi ne makomar masu yin inamel. Da zarar sun gama aikinsu haƙori ya fito, sai su ƙare, babu ko ɗaya da ke saura. Ƙashi idan ya karye yana ɗoruwa, ƙafar yaro da ta lanƙwashe tana iya miƙewa idan aka gyara abincinsa da wuri, domin ƙashi yana da magina har ƙarshen rayuwa. Inamel ba shi da su. Sahun da aka aza da rauni a mako kaza na ciki haka zai zauna har ranar da haƙorin ya faɗi, iyakar abin da za mu iya a ɗakinmu shi ne mu shafa masa kariya ko mu yi ciko.

A nan ne bitamin D ya shigo. Ko da yake ana kiransa bitamin, mafi yawansa ba daga abinci yake zuwa ba, fata ce take haɗa shi idan wani ɓangare na hasken rana ya sauka a kanta. Daga fata jini ya kai shi hanta ta sauya shi zuwa nau'in da ake aunawa a gwajin jini, sannan ƙoda ta sake sauya shi zuwa nau'in da ke aiki, wanda likitoci ke kira kalsitiriyol. Ɗan tayi ba ya ganin rana kuma ba ya cin abinci, saboda haka duk abin da yake da shi ta mabiyiya ya same shi, kuma gwargwadon abin da ke jinin uwa gwargwadon abin da ke nasa.

Masu bincike sun gano cewa maginan haƙori duka biyu suna ɗauke da wata makarɓa ta musamman da kalsitiriyol ke maƙalewa a jikinta. Idan ya maƙale, sai su biyun su shiga inda bayanan gado suke a tsakiyar ƙwayar, su buɗe wasu umarnoni su rufe wasu. A nau'o'in ƙwayoyin halitta da dama, abin da aka fi sanin kalsitiriyol da shi shi ne rage saurin rarrabuwa da tura ƙwaya ta balaga ta kama aikin da aka halicce ta dominsa, kuma wannan tsallakawa daga yawaita zuwa ƙwarewa ita ce gaɓar da ginin haƙori ya rataya a kanta. An nuna a jikin ɓeraye cewa wani furotin mai ɗaukar kalsiyam a cikin masu yin inamel yana dogara da bitamin D, kuma idan aka hana dabbar bitamin ɗin, furotin da ake shimfiɗa inamel a kansa yakan ragu. A ɗakin gwaji kuma, idan aka zuba kalsitiriyol a kan ƙwayoyin da aka ciro daga ɓargon haƙorin mutum, sukan ƙara himma wajen tara ma'adini.

Sai dai ba zan so ku ɗauka cewa a cikin ƙwayar kaɗai aikin yake ba. Babban aikin bitamin D a jiki shi ne sa hanji ya tsotsi kalsiyam da fosfet daga abinci, kuma waɗannan su ne ƙasa da ruwan da ake kwaɓawa a yi ginin. Ɗan tayi yana tara kimanin giram 30 na kalsiyam kafin a haife shi, kusan kashi 80 cikin 100 a watanni ukun ƙarshe. Idan kayan aiki suka yi ƙaranci, aibin yakan fito ta fuska biyu. Ko dai inamel ya yi sirara, ya fito da ramuka da zane-zane a kwance, ko kuma kaurinsa ya cika amma bai nuna ba, ya zama fari fat kamar alli ko ya ja zuwa ruwan ɗorawa, yaro yana tauna yana ɓantarewa. Dantin ma yakan fito da wasu guraben da ma'adini bai haɗe ba, kuma waɗannan guraben ba sa gogewa, har masu binciken tsoffin ƙasusuwa suna amfani da su wajen gane wanda ya yi fama da ƙarancin bitamin D yana yaro, ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsa.

Wannan ilimi ya haura shekara ɗari. A 1918 wata masaniya a Ingila mai suna May Mellanby ta nuna cewa 'yan kwikwiyon da aka ciyar da abinci marar wani sinadari da ke cikin man hantar kifi suna fito da haƙora masu rauni, tun kafin a raɗa wa sinadarin suna bitamin D a 1922. A 1973 likitoci a Edinbura ta ƙasar Sikotland suka lura cewa jariran da suka yi jijjiga a kwanakin farko saboda ƙarancin kalsiyam a jini, da yawansu sun fito da haƙora masu naƙasasshen inamel, suka kuma danganta abin da ƙarancin bitamin D na uwayensu. A 2014 wani bincike a birnin Winnipeg na Kanada ya nuna cewa 'ya'yan matan da bitamin D ɗinsu ya yi ƙasa lokacin goyon ciki sun fi saurin samun ruɓewar haƙori. Wanda ya fi ƙarfi a cikinsu shi ne na ƙasar Danmak da aka wallafa a 2019. An raba mata fiye da 600 gida biyu tun daga mako na 24 na ciki, kowace tana shan bitamin D raka'a 400 a rana (raka'a a nan ita ce ma'aunin da ake auna yawan bitamin da shi) kamar yadda aka saba a can, amma aka ƙara wa rukuni ɗaya raka'a 2,400. Da yaran suka kai shekara shida aka duba bakunansu, sai aka tarar aibin inamel a haƙoran dindindin ya kai kimanin kashi 15 cikin 100 a 'ya'yan waɗanda aka ƙara wa, alhali a ɗaya rukunin ya haura kashi 27. Adalci ne in faɗa muku cewa a wannan binciken ba a ga bambanci a yawan kogon haƙori ba, domin kogo yana da wasu iyayen, wato zaƙi da rashin wanke baki.

Na san abin da wasunku za su ce: Danmak da Sikotland ƙasashen sanyi ne da rana ke ɓuya wata da watanni, mu kuwa rana har gudunta muke yi. Gaskiya ne, amma ranar da ke dukan rufin kwano ba ita ce ke shiga jini ba, sai wadda ta taɓa fata. Baƙar fata tana tace hasken, don haka tana buƙatar lokaci fiye da fara kafin ta haɗa adadi ɗaya. Gilashin taga yana tare irin hasken da ake buƙata, tufafi ma haka, hazon hunturu kuma yana rage shi. A gidajenmu na da, matar da ke kulle tana da tsakar gida a buɗe, a nan take daka, take shanya, take girki, rana tana dukan hannuwanta da ƙafafunta ba tare da wani baƙo ya gan ta ba. Ginin zamani a birane ya cinye tsakar gidan, an mayar da ita falo, ko an rufe ta da kwano, ko kuma gidan haya ne da mutane da yawa, inda mace ba ta fitowa ƙofar ɗakinta sai da hijabi har ƙasa. Irin wannan mace za ta iya yin wata tara a Kano ko Sakkwato fatarta ba ta ga rana ba, kuma babu mai gane hakan sai wanda ya tambaye ta.

Akwai kuma darasin da ya fito daga ƙasarmu, wanda a ganina ya fi na Turai muhimmanci a gare mu. A 1999 aka wallafa binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos a kan yara 123 masu ciwon lanƙwasar ƙashi, irin wanda ke kawo gwame da ƙafar baka. Sun tarar cewa yaran da aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai, kuma abin da yaran ke samu na kalsiyam a abinci bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba. Abincinmu hatsi ne, masara da dawa da gero, kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, sannan suna ɗauke da wani sinadari da ke ɗaure ɗan abin da ke akwai ya hana hanji tsotsarsa. Ƙari a kan haka, jikin da kalsiyam ya yi wa ƙaranci yana ƙone bitamin D ɗinsa da sauri. Saboda haka duk wanda ya kwaso sakamakon Danmak ya ce a raba wa matanmu bitamin D mai yawa, bai tambayi abin da ke cikin kwanon tuwonsu ba, ya tara magina ne a fili babu ƙasa babu ruwa.

Ba na roƙonku ku rubuta wa kowace mace bitamin D. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a ba dukkan masu ciki ba, sai wadda aka tabbatar ko ake zargin tana da ƙaranci, yayin da Birtaniya take shawartar masu ciki su sha raka'a 400, wato mikirogiram 10, kowace rana. Bitamin D yana taruwa a jiki, yawansa kuma yana cutar da ƙoda, shi ya sa aka sa iyakar raka'a 4,000 a rana ga babba, kuma bai kamata mace ta sayo shi a kyamis ta riƙa sha da ka ba. Roƙona shi ne ku ƙara tambaya ɗaya a cikin tambayoyin ranar buɗe kati: a yini, sau nawa rana take taɓa hannuwanki da ƙafafunki? Wadda ta ce ba ta fita ko kaɗan, ko take kukan ciwon ƙashi da nauyin cinyoyi wajen tashi, ko aka taɓa samun mai gwame a 'ya'yanta, ko take jera haihuwa ba hutu, ita ce za ku tura wa likita ya duba ko tana buƙatar gwaji ko ƙari. Sauran kuma ku gaya musu su nemi wuri mai sutura a cikin gida su sha rana na ɗan lokaci, kuma ranar da ta ɗaga ta fi ta sassafe amfani a wannan fanni. Alamar da kowa zai iya riƙewa ita ce inuwa: idan inuwar mutum ta fi shi gajarta, hasken da fata ke buƙata yana nan.

Kalsiyam kuwa hujjarsa tana hannunku tun tuni. Tun a jagorar awon ciki ta 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da abinci ba shi da isasshen kalsiyam a ba mai ciki giram 1.5 zuwa 2 a rana domin rage haɗarin hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. Dalilin da aka bayar na uwa ne, amma ƙashi da haƙoran ɗan tayi suna cin moriyarsa. Idan kuna bayarwa, ku tuna mata ta raba lokacin shansa da na maganin ƙarin jini da 'yan sa'o'i, domin idan suka haɗu a ciki kalsiyam yana rage tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jinin. Inda babu ƙwayar, akwai nono da kindirmo, akwai ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, akwai kuka da zogale da riɗi. Bitamin D a abinci ba shi da yawa, amma yana cikin kifi mai maiƙo irin sadin da taitus, da gwaiduwar ƙwai. Man hantar kifi da ya warkar da 'yan kwikwiyon Mellanby bai dace da mai ciki ba, saboda yawan bitamin A da ke cikinsa yana iya yi wa ɗan tayi lahani. Sannan ina roƙon ku gyara wata fahimta da nake yawan ji a bakin iyaye mata, cewa kunun kanwa yana ƙara ƙarfin ƙashi. Kanwa gishirin sodiyam ce, ba kalsiyam ba, kuma likitocin Zariya sun daɗe da danganta yawan shanta a lokacin jego da ciwon zuciyar masu haihuwa.

Aikin bai ƙare da yanke cibiya ba. A kwana arba'in na jego uwa da jariri suna ɗaki, kuma a daidai wannan lokaci ne turmin farko na dindindin yake aza sahunsa na farko, haƙoran gaba na dindindin kuma su fara nasu wajen wata uku zuwa huɗu. Nonon uwa shi ne abincin da ya fi kowane, amma bitamin D ɗin cikinsa kaɗan ne, ballantana idan uwar ba ta da shi, kuma wannan ne ya sa taron masana na duniya a kan ciwon lanƙwasar ƙashi ya ba da shawara a 2016 cewa a ba jarirai raka'a 400 a rana a shekararsu ta farko. Ku ne kuke ganin mai jego idan ta kawo yaro rigakafi, mu ba ma ganinsa sai haƙori ya lalace.

Kada kuma ku ɗora wa bitamin D laifin kowane tabo. A yankuna irin su Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe, yawan sinadarin fuloraid a ruwan rijiya yana sa haƙoran yara su fito da jirwaye. Haihuwar bakwaini da zazzaɓi mai zafi a jarirantaka suna iya tsayar da masu yin inamel na ɗan lokaci su bar zane. Maganin tetarasaikilin, wanda ake saye a shago ba tare da takardar likita ba, idan mai ciki ta sha daga wata na huɗu zuwa sama yana shiga haƙoran ɗan tayi ya rina su rinin da ba ya fita, saboda haka ku riƙa tambayar abin da mace take sha a gida ban da wanda kuka ba ta.

Buƙatata ta ƙarshe ba ta cin kuɗi. Ku rubuta amsar tambayar rana a katin awo, ku rubuta ko mace ta samu kalsiyam da kuma daga wane wata ta fara, ku ce mata ta adana katin kamar yadda take adana na rigakafi. Idan yaron ya kai shekara ɗaya ku turo mana shi tare da katin, ko da babu abin da ke damunsa, domin inamel mai rauni idan aka gan shi da wuri ana shafa masa fuloraid a koya wa uwar yadda za ta kula da shi kafin ya zama kogo. Da irin waɗannan katunan ne wata rana ɗalibanmu na jami'o'in Kano da Zariya da Maiduguri za su iya haɗa abin da ya faru a ɗakinku da abin da muke gani a namu. Ni a shirye nake in riƙa shigowa ɗakin awo a ranar taron masu ciki in yi bayanin minti goma, idan kun ba ni wuri a tsakanin bayanin gidan sauro da na maganin ƙarin jini.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya sauki matanmu lafiya. Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar sashen haƙori